Jirgin Kamfanin Annashuwa

Kaneng ba ta yarda da mutumin da ya cika yabon mijinta ba. Ba wai Haggai bai cancanci yabo ba ne. Mutum ne mai amana, ba ya sha, ba ya makara, kuma duk garejin bas na Edmonton babu direban da ya kai shi sanyin ƙafa a kan birki. To amma abin da ta lura da shi a zaman duniya shi ne, duk wanda ya zo yana ce maka babu kamarka, akwai kayan da yake so ka ɗaukar masa.

Abin haushin ma, ita ta jawo da bakinta. Lokacin nan ne kuɗin fetur ya yi wa mutanen gida yawa a aljihu, babu shagon da za ka leƙa a Oxford Street ba ka ga babbar riga tana cinikin talabijin ba. Asibitin kuɗin da Kaneng ke aikin nas a Marylebone ya cika da hajiyoyi masu ciwon gwiwa. Cikinsu akwai Hajiya Hansai, wata dattijuwa mai fara'a daga Jos, wadda da ta ji nas ta gaishe ta da Hausa sai da ta yi ƙwalla don daɗi. Hira ta kai hira, Hajiya ta tambayi aikin maigida, Kaneng kuwa maimakon ta ce direban bas ta yi shiru, sai ta ƙara da cewa ai yana da lasisin tuƙin jirgin sama.

Ba ƙarya ta yi ba. Abin da ya kawo Haggai London ke nan tun farko. Ranar da zai bar ƙauyensu a bayan Bukuru, mahaifinsa Baba Dung ya yanka akuya, dangi suka rako shi har bakin titi, aka ce ɗan Dung ya tafi koyon tuƙin jirgi. Kuɗi suka ƙare kafin karatu ya ƙare, ya kama bas, yana tara abin da ya samu yana zuwa wani ƙaramin fili a bayan gari ranar Asabar ya tashi da ɗan jirgi mai kujera huɗu. Da ƙyar da jiɓin goshi ya samu lasisin. Ya nemi aiki a kamfanonin jiragen sama har ya gaji, kowa sai ya ce an gode, za a neme shi. Yanzu ya haura arba'in, furfura ta fara fitowa, kuma tun bara ya daina zuwa filin ranar Asabar, ya ce kuɗin ya fi amfani a takalman yara.

Mijin Hajiya shi ne Alhaji Almu, mai Kamfanin Annashuwa. Yana da gidajen silima a Jos da Kaduna, yana da filin wasa a gefen gari mai dokunan katako masu zagaye, da motocin karo, da wani ƙaton lilo mai juyawa kamar ƙafar keke, da kura ɗaya a keji wadda ta gaji da duniya. Bai yi mako guda da jin labarin lasisin ba ya aiko mota ta ɗauki Kaneng da Haggai zuwa cin abincin rana a flat ɗinsa.

Sun tarar ana gardama. Alhaji na kan kujera ya cire hula, ɗan 'yar'uwarsa Uwaisu, wanda ya karanta akanta a nan London kuma shi ke duba harkokin kamfanin, yana tsaye bakin taga ransa a ɓace.

"Yauwa, ga masani ya zo, ya raba mu," in ji Alhaji, ya kama hannun Haggai ya ƙi saki. "Kyaftin, saurara ka ji. Mutumin Ikko yana da kuɗi, zafi ya ishe shi, yana so ya kawo iyalinsa Jos su sha iska su hau lilo. Ya zo a mota? Ya galabaita a hanya. Ya je filin jirgi, a ce an yi cancel, ya kwana a kan akwatinsa. To me zai hana in ɗauko shi a jirgina? Tun daga ƙofa wasa ya fara. Makaɗa a ciki, tsire da zafinsa, yara a raba musu balan-balan. Kafin ya sauka ya riga ya zama baƙona."

"Kawu, lilo in ya tsaya, tsani ake kawowa a sauko da mutane suna dariya," in ji Uwaisu. "Jirgi fa? Mu wasa muka iya. Mun san fenti, mun san fitilu, mun san yadda ake tara jama'a a bakin ƙofa. Kuma lilo in babu kowa, kashe shi za ka yi ka rufe da tamfol, ba ya cin komai. Jirgi ko a tsaye yake ci yake yi. Ga insurance, ga licence wanda ba mu san ranar da gwamnati za ta ba mu ba. In ya faɗi sau ɗaya, har silimar ma babu mai sake shiga."

"Ka ji shi ko? Boko ya sa masa tsoro."

Kaneng ta ji yaron nan ya kwanta mata a rai. Ta ce a zuciyarta, to, gidan nan akwai mai hankali guda ɗaya. Ta dubi mijinta tana jiran ya ce wani abu na masu sani, sai ta ga yana murmushi kamar yaron da aka kira gaban aji za a ba shi kyauta.

Bayan an ci an sha, Alhaji ya sa aka fito da wani kwali. Yunifom ne na kyaftin, baƙi wul, da zaren zinariya a hannu har kusan gwiwar hannu, da hula mai tambarin kamfani, wato dokin katako da fukafukai. Alhaji ya miƙe da kansa ya sa wa Haggai kwat ɗin, ya gyara masa kafaɗa. Nan gaban Kaneng ya faɗi. Ta girma a Jos, ta san abin da ake nufi in babban mutum ya sa maka riga da hannunsa a gaban mutane. Ka zama yaronsa ke nan, bakinka ya ɗaure, ko ka ga abin cewa kunya ba za ta bar ka ba. Kuma wane irin kamfani ne ake ɗinka wa direba riga tun ba a ga motar ba?

A hanyar komawa ta fara. "Baban Matiyu, kai da ka saba da jirgi mai kujera huɗu, yaya aka yi ka zama kyaftin na babban jirgi tsakanin shinkafa da lemo?"

"Za su tura ni training."

"Wa ya ce? Ni ban ji an ce ba."

"Kaneng, ke ko ruwan sha aka ba ki sai kin leƙa ƙasan kofi."

"Shi ya sa har yau ban haɗiyi ƙuda ba. Ni dai abu ɗaya na roƙe ka. Kada ka ba da notis na barin aiki a gareji sai na ga jirgin nan ya tashi da idona. Aikin nan shi ke riƙe da flat ɗin council da hukuma ta ba mu haya, shi ke riƙe da makarantar yara. In ka sake shi, a shekarunka babu mai mayar da kai."

Ya ce ya ji.

Ranar da za a je ganin jirgin ta yi musayar aiki da wata nas don kada a tafi ba ita. Wani fili ne can cikin Essex, iska na kaɗa ciyawa, tsofaffin jirage a jere kamar motocin da aka bari a gidan bakanike. Dillalin wani Bature ne mai jan hanci da yawan haƙora. Jirgin da ya nuna musu babba ne, mai farfela huɗu, fentinsa ya koɗe, an goge sunan masu shi na da amma ana iya ganin inuwar haruffan.

Kaneng ba ta san komai game da jirgi ba, amma ta san yadda mai sayen abu yake tambaya. Ta tsaya a baya ta kasa kunne. Alhaji ya tambayi kujera nawa ne, da ko za a iya matse su a ƙara wasu. Ya tambayi ko mutane za su iya shiga ta ƙofar gaba su fita ta baya a lokaci guda ba tare da cunkoso ba. Ya sa aka kunna lasifika ya yi sallama a ciki, ya ji muryarsa ta cika jirgin, ya yi dariya har da tafi. Ya tambayi ko za a haɗa masa da matakala biyu. Ya shafa labulen taga ya ce a canza shi zuwa ja. Har suka gama zagaye babu wanda ya tambayi lafiyar inji. Ko akuya za ka saya a kasuwar Bukuru ai ka buɗe bakinta ka duba haƙori.

Abin da ya fi tayar mata da hankali Uwaisu ne. Yaron da ya kusa yin kuka a flat yana roƙon kawunsa ya bar maganar jirgi, yau shi ne ke gaba-gaba, yana auna faɗin hanya tsakanin kujeru da tafin hannu, yana raha da dillali. Ta matsa kusa da shi ta yi ƙasa da murya.

"Malam Uwaisu, yaya na ga ka sauya? Ko licence ɗin ya fito?"

Ya kawar da kai. "Mun samu fahimta da Kawu, Sista. An yi sorting komai."

Haggai kuwa bai daɗe a ciki ba. Ya leƙa wajen zaman matuƙi, ya sauka, ya je ƙarƙashin fiffike ya tsaya shi da wani tsohon makaniken filin suna magana. Ta hango shi ta taga ya ɗora hannu a jikin farfela. Da suka shiga mota ta tambaye shi yaya ya ga jirgin, ya ce jirgi ne mai kyau a zamaninsa.

Makonnin da suka biyo baya Kaneng ta zargi kowa da komai. Ta ce ko kayan fasa-ƙwauri za su riƙa ɗauka su fake da sunan yara da balan-balan. Ta ce ko dabara ce ta fitar da kuɗi daga gida, a sayi gwangwani a rubuta an sayi jirgi. Ta ce ko so suke a samu baƙin mutum mai lasisi a sa sunansa a gaba, in abu ya ɓaci shi za a kama. Wanda ya fi hana ta sukuni shi ne tunanin wannan tsohon ƙarfen a sama, cike da 'ya'yan mutane, mijinta a gaba, kuma wanda ke gyaran lilo da waya da filaya shi ne zai duba inji. Duk wanda ta kawo, Haggai sai ya ce ta kwantar da hankalinta, babu wanda zai mutu a jirgin nan. Yadda yake faɗin haka da tabbaci shi ma ya zame mata abin zargi.

Amsar ba ta zo ta hanyar bincike ba. Hajiya Hansai ce ta zo a duba gwiwarta karo na ƙarshe kafin su koma gida, tana kwance Kaneng na naɗa mata bandeji, bakinta na zuba kamar kullum.

"Ni kam 'yata, Allah ya shi wa Uwaisu albarka. Da Alhaji ya dage sai ya yi ta yawo da mutane a sama, na daina barci. Yanzu kuwa hankalina kwance. Turawa za su kai shi Jos sau ɗaya, a cire injinan a sayar, a ja shi a kafa a tsakiyar fili kusa da lilo, a zuba masa siminti a ƙafa."

Hannun Kaneng ya tsaya. "A kafa shi, Hajiya?"

"Ƙwarai. Ai Uwaisu ya ce duk Jos mutum nawa ne ya taɓa shiga jirgi? Kowa ya yanki tikiti ya hau matakala, a zaunar da shi a ɗaura masa bel, a kawo masa abinci a ɗan faranti. A kunna ƙarar inji a kaset, samari su riƙa jijjiga fukafukai daga waje. Maigidanki ya yi magana a lasifika ya ce ga mu a kan Makka, ga mu a kan London. In an sauka ya tsaya a ƙofa a ɗauki hoto da shi. Alhaji ya ce dole sai kyaftin na gaske, mai lasisi a rataye, shi ba ya son algus." Ta ɗago kai ta dube ta. "Af, ba ki sani ba?"

Kaneng ta ƙarasa naɗin, ta ɗaure shi da kyau, ta yi wa Hajiya fatan sauka lafiya. Sannan ta shiga ɗakin wanke hannu ta rufe ƙofa. Fushi take ji, amma har da wani irin daɗi mara kyau, na wanda ya daɗe yana cewa akwai ɓera a ɗaki yau an gan shi. Ta nemi izini ta fita da wuri, ta kama tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ta sauka ta hau bas, duk hanya tana shirya yadda za ta gaya masa ba tare da ta karya shi ba.

Ta same shi a kicin, ya dawo daga aikin safe, yara ba su taso daga makaranta ba. Ko kwat ba ta cire ba ta zayyana masa komai, da simintin, da kaset ɗin, da samarin masu jijjiga fukafukai. Ta ce sun mayar da shi abin kallo kamar kurarsu. Ta ce gobe-goben nan ya mayar musu da rigarsu, in kunya ta hana shi ita za ta kai.

Ya bar ta ta gama. Sannan ya ce, "Na sani."

"Ka san me?"

"Tun ranar da muka je Essex. Injinan nan tafiya ɗaya ta rage musu, makaniken ya gaya mini. Washegari na je na tambayi Alhaji, bai ɓoye mini komai ba. Mutumin bai yaudare ni ba, Kaneng."

Ta ja kujera ta zauna. Duk makonnin nan tana gadin ƙofar gida, ashe abin da take tsoro yana kwana a gefenta.

"To in ka sani, me kake jira?"

"Na ba da notis ranar Litinin."

"Baban Matiyu!"

"Tsaya ki ji." Ya ɗora hannayensa a kan tebur. "Bara da na je medical na sabunta lasisi, likita ya ce jinina ya hau. An sake aunawa, an sake, bai sauka ba. Ba su yi mini renewing ba. Ba takalman yara ne suka hana ni zuwa fili ba. Ba zan ƙara tashi da jirgi ba, ko mai kujera huɗu. Bas ɗin ma in shekaruna suka kai na gwaji, ban san me za su ce ba."

Ita nas, wadda ke auna jinin baƙi tun safe har yamma, shekara guda tana zuba wa mijinta gishiri a miya. Kunya ta kama ta, ta haɗu da fushin, ta rasa wanda za ta fara da shi.

"Don me ba ka gaya mini ba?"

"Don ke kaɗai ce kika rage da ke cewa mijina matuƙin jirgi ne kina nufin haka." Ya dubi hannayensa a kan tebur. "Baba ya tsufa. Idonsa ya fara tafiya. Duk wanda ya je gida daga nan sai ya tambaye shi ko ya hau jirgin ɗansa. Ina so kafin ya rufe ido a riƙo hannunsa ya hau matakala, ya same ni a ƙofa, in zaunar da shi a kujerar gaba."

"In ya ce ka tashi da shi fa?"

"Zai ji ƙara, zai ji jijjiga. Ba ya gani sosai."

"Wato har da mahaifinka za a yi wa wasan."

Ta dubi wannan mutumin da bai taɓa cin kwabon wani ba, ta ga ya shirya ya tsaya a ƙofar gwangwani da zaren zinariya har ƙarshen ƙarfinsa, kuma babu wanda ya tilasta shi. Ta so ta tsane shi, abin bai yiwu ba.

"Ni dai ba zan buɗe baki in ce wa kowa jirgin nan yana tashi ba," in ji ta.

"Ban ce ki faɗa ba. Ki yi shiru kawai."

Shiru kuwa shi ne abin da Kaneng ba ta taɓa iyawa ba tun tana yarinya.

Lahadi ta ƙarshe kafin Haggai ya tafi Jos ya nema musu gida ya shirya wa yara makaranta, suka je sujadar Hausa da mutanen Filato da kudancin Zariya ke yi a wani zauren coci a Lewisham. Labari ya riga ya zagaya. Aka matsa wa Haggai sai ya zo da yunifom, ya zo da shi. Mata suka yi guɗa, dattawa suka riƙa shafa hannun rigar, wani ya ce yau an share wa mutanenmu hawaye, an daina ce mana sai haƙar kuza da noman dankali. Matiyu da ƙanwarsa Margaret suna ta gaya wa sauran yara da Turanci cewa babansu kyaftin ne. Wata ƙawarta ta rungume ta ta ce, "Maman Matiyu, ke kam kin yi haƙuri kin ci riba. Ba kya jin tsoro in yana sama?" Kaneng ta gyara ɗankwalinta ta ce ana kiran su a gaba.

Fasto Dokas ya sa su durƙusa, jama'a suka miƙa hannuwa. Ya roƙi Ubangiji ya riƙe fukafukan jirgin bawansa Haggai, ya kore hadari daga hanyarsa, ya tashe shi lafiya ya sauke shi lafiya, shi da duk rayukan da za a danƙa a hannunsa. Maganar gaskiya ta taso wa Kaneng har maƙogwaro, ta ji ɗacinta a harshe. Kalma kaɗan ce, in ta faɗe ta kowa zai ji, kuma tana da gaskiya. Sai ta ji hannun mijinta ya lalubo nata a ƙasa, sanyi ƙalau.

Fasto ya ɗaga murya ya ce, "Jama'ar Allah su ce me?"

Duk zauren babu wanda ya kai Kaneng ƙarfin amin, hawaye na zuba a fuskarta, matan da ke bayanta suna cewa ku dubi baiwar Allah, farin ciki ya sa ta kuka.